"Haƙƙin mallaka": sharhi a kan fassarar *brevet* da ƴan'uwanta

Masu fassara a gidajen rediyo da masu tsara littattafan yaƙi da jahilci sun saba da wata al'ada: duk inda suka ci karo da *brevet d'invention*, ko *droit d'auteur*, ko *marque*, sai su ce "haƙƙin mallaka". Furucin Hausa ne ingantacce, amma an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. A ganinmu, wannan fassara tana ɓoye wa mai karatu abin da ya fi bukatar sani, wato yadda ake samun kowane haƙƙi da lokacin da yake ƙarewa.

Mu duba doka. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na hukumar OAPI, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, mai hedkwata a Yawunde. A tsarinta, wanda ya ƙago na'ura sai ya nema a rubuce, ya bayyana sirrin aikinsa, ya riƙa biyan kuɗi kowace shekara. A madadin haka ake hana kowa ƙera irinta ba da izininsa ba, har shekara 20 daga ranar nema. Bayan nan ta zama ta kowa. Marubuci da mawaƙi kuwa ba sa neman kome: da zarar aikin ya samu haƙƙin ya tabbata, yana kuma wanzuwa aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsu. Alamar kamfani ana yi mata rajistar shekara 10, ana sabuntawa ba iyaka. Akwai na huɗu: a 2023 aka miƙa wa Nijar takardun da suka kare sunan albasar Galmi da na kilishin Nijar. Wannan haƙƙi na masu sana'ar yankin ne baki ɗaya.

To, maƙerin da aka ce masa ya sami "mallaka" zai ɗauka abin kamar gona ne, jikoki su gada har abada. Bai san cewa in ya daina biya takardarsa ta faɗi ba. Kuskuren fassara a nan hasarar dukiya ce.

Aron kalma ma ba ya fid da mu. A bakin ɗan Nijar *brevet* takardar kammala kwaleji ce. Kalmar Ingilishi *patent* kuma ta yi kama da *patente* ta Faransanci, harajin sana'a da ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram suka sani da sunan patanti. Asalinsu ɗaya, daga Latin: buɗaɗɗiyar wasiƙar da sarki yake ba wani don jama'a su san ya keɓe masa wani abu. Amma hanyoyinsu sun rabu tuni.

Saura kalmominmu na gida. "Gata" alfarma ce da babba yake yi wa wanda ya ga dama, alhali wannan takarda musaya ce: bayyana sirri a ba ka kariya. "Hurumi" ta fi kusa, domin tana nufin abin da aka keɓe aka hana taɓawa, tushenta kuma ɗaya da *mahram*, takardar da sarakunan Barno suke ba malamai don yafe musu haraji. Sai dai harshen kotu ya riga ya kama ta da ma'anar ikon sauraron ƙara. "Lasisi" kuwa izini ne da mai haƙƙi yake ba wani, ba haƙƙin kansa ba.

Saboda haka muna ba da shawara a bar "haƙƙin mallakar fasaha" ta zama inuwar da ta rufe duka, a ƙarƙashinta a rarrabe:

1. takardar kare ƙirƙira
2. haƙƙin mawallafi, har da mawaƙi da mai zane
3. tambarin kasuwanci
4. shaidar asalin kaya

Kafin a sa su cikin littafi, ya kamata a gwada su a azuzuwan manya na Tawa da Maraɗi, a tambayi ɗalibi wa yake da haƙƙin, kuma har yaushe. A kuma tuntuɓi masana na Kano da Sakkwato, domin Nijeriya ba ta cikin OAPI, tana da tata dokar ta 1970, amma masu karatunmu ɗaya ne.