Dokar haya: an haddace, ba a fahimta ba

Duk lokacin jarabawa, takardun bita na darasin dokar haya suna yawo hannu zuwa hannu tsakanin ƴan'uwanmu masu karatun shari'a. Na karanta su da idon ɗalibin ilimin harshe, kuma ga ƙorafina: suna koyar da hadda, amma ba su koyar da ma'ana.

Ban ce babu alheri a cikinsu ba. Sun jera ayoyin Code civil tsaf: ta 1719 kan abin da ke wuyan mai gida, ta 1728 kan abin da ke wuyan ɗan haya, wato ya biya kuɗi a kan lokaci, ya kuma kula da gidan. Wanda ya haddace zai ci maki. To daga nan fa?

Mu ɗauki kalmar caution. A bakin dillali a Yamai ko Damagaram, kuɗi ne da ake ajiyewa kafin a ba ka makulli. A harshen shari'a kuwa, caution mutum ne, wanda ya tsaya maka, idan ka kasa biya a bi shi. Kuɗin ajiyar sunansu dépôt de garantie, kuma naka ne: ana mayar maka ranar tashi, bayan an cire na ɓarnar da ka yi. Avance kuma kuɗin watannin gaba ne, zama kake ka cinye su. Takardun ba su tsaya kan wannan bambanci ba, alhali a nan ne jikkunan ɗalibi ke salwanta.

Haka maganar bon père de famille, ma'aunin da doka ke auna kulawar ɗan haya da shi. Fassara ta kai tsaye ita ce "uban iyali nagari". Ɗaliba mai haya ita kaɗai fa? Faransar da muka gado kalmar daga gare ta ma ta soke ta tun 2014. Bahaushe yana da abin da ya fi dacewa: riƙon amana. Gidan haya amana ne, kowa ya gane.

Akwai ma ayar da ake tsallakewa don ba a cika tambayarta ba, ta 1756: yashe rijiya da kwashe masai na mai gida ne, sai in yarjejeniya ta ce akasin haka. Ƴan haya nawa suka san wannan?

Shawarata ga masu shirya takardun: kowace aya a bi ta da layi biyu na Hausa, a sa misalin ɗaki na gaske. Ga mai bita kuma, gwada kanka: in ba ka iya bayyana wa innarka ayar ba, wallahi ba ka san ta ba tukuna. Malami zai gyara takardarka sau ɗaya, amma mai gida duk ƙarshen wata yana bakin ƙofa.