Mudun Da Ba A Gani

Duk macen da ta taɓa aiken awo kasuwar Kazaure ta san mudu a gaban mai saye ake cika shi, in an yi tozo a gani, in an shafe a gani. Gero kuwa in ya shiga buhu ya zama naki, ko wata uku zai yi a ɗaka babu mai zuwa ya ce wa'adinsa ya cika. To amma yau ga wani cefane ya shigo gidajenmu wanda mudunsa yana hannun mai sayarwa, shi ke awo, shi ke lissafi, shi ne kuma zai aiko miki da saƙo cewa ya ƙare. Data nake nufi.

Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 muke sayen kati, amma a da kira kawai ake yi, kina magana kina kallon minti. Yanzu kuwa mai sayar da turaren wuta da atamfa a Roni ta waya take tallarta, ɗalibar kwalejin Hussaini Adamu ta waya ake turo mata darasi, wadda mijinta ke ci-rani a Legas ko Fatakwal ta nan take ganin fuskarsa. Data ta shiga sahun gishiri da omo. Sai ga shi a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Sun kawo hujjar tsadar man dizal da faɗuwar naira, kuma ba ƙarya suka yi ba. To mu fa, namu kuɗin cefanen wa ya ƙara mana?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wa'adi. Ki sayi ta wata guda, ki yi ta tattali kamar mai ɗiban ruwa da rani, ranar talatin ragowar ta bi iska. A 2018 hukumar ta umarci kamfanoni su riƙa ɗora wa mutum ragowarsa a kan sabuwa, amma da sharaɗin ya sabunta cikin 'yan kwanaki. Wato dai sai kin sake biya kafin a ba ki abin da kin riga kin biya. Wadda ba ta da kuɗi a makon nan fa? Kuma ki tuna da ta ƙauyukan Gwiwa ko na Babura can bakin iyakar Nijar, wadda sai ta fita tsakar gida tana ɗaga waya sama kafin sabis ya kawo. Kwanakinta na tafiya daidai da na mutumin Kano, alhali rabinsu ba ta mora ba.

Sai wadda suke kira marar iyaka. Haba jama'a! Iyaka tana nan, an dai rubuta ta da ƙananan baƙaƙe ne. Da kin kai wani adadi sai a rage mata gudu, hoto ɗaya ya yi ta juyi har tuwo ya nuna. Akwai kuma ta dare mai araha, daga tsakar dare zuwa asuba. Wace matar aure ce za ta raya dare tana sauke bidiyo, ga goyo, ga ɗumame da safe? Wannan rahusa ba da mu aka yi ta ba.

Amma fa ba zan ɗora wa kamfani komai ba, don wayar kanta ɓarauniya ce. Ita ke sabunta manhajojinta a ɓoye, ita ke kwashe hotunanki tana kaiwa ma'ajiyar intanet ba ki sani ba. WhatsApp kuwa, in ba ki hana shi ba, duk hoton da aka jefa a zauren biki da na 'yan makarantarku sai ya sauke, har wanda aka turo sau biyar. Ki shiga saitinsa ki kashe saukewa da kai, a Facebook ki hana bidiyo tashi sai kin taɓa. Awa ɗaya ta fim mai tsabtar hoto a YouTube tana iya lashe giga 1 ko fiye, in kin rage tsabtar zuwa 360 ba za ta ci ko rabin haka ba, kuma a ƙaramar waya fuskar jarumin ba ta canzawa. In kin jona wa yara, ki sauya lambar sirri lokaci-lokaci, don wallahi har yaran maƙwabta sukan haddace ta.

Ku kuma iyayen gida, ina da magana da ku. Sau nawa aka yi rigima a kan "jiya-jiya na sa miki, me kika yi da ita?" Har da zargi, wai da wa take hira. Subhanallahi. Kafin ka ɗaga murya, Malam, karɓi wayar ka duba, akwai wurin da take nuna abin da kowace manhaja ta ci. Sau da yawa za ka tarar Abba ne da wasan ƙwallonsa, ko kai kanka da ka jona ka kalli wasan Ingila daren Asabar.

Tun 2023 aka haɗe lambobi a duk layuka: *323# na duba ragowar data, *312# na saye. Ki riƙa dubawa safe da yamma na mako guda, kina rubutawa a bayan littafin adashi. In lissafi bai yi ba ki kira kamfanin a 300, in sun yi ta ja miki rai sai ki kai ƙara wurin hukumar a 622, kiran kyauta ne.