Kasuwar Tasawa a Idon Baƙo: Tarken Shafukan Barth kan Abincin Hanya

Duk motar da ta taso daga Maraɗi za ta Damagaram, in ta iso Tasawa sai ta rage gudu, ko da direba bai yi niyyar tsayawa ba. Kafin ƙura ta lafa farantai sun kewaye tagogi: kilishi a naɗe cikin takarda, dafaffen ƙwan zabo, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, da fara da yajinta in kaka ta yi. Matafiyi ya miƙa dala ashirin ko hamsin, ya karɓa, mota ta wuce. Dubban mutane ke wannan ciniki a kowane mako, amma da wuya a samu wanda ya zauna ya rubuta shi. Wanda ya fi kowa rubuta shi da kyau baƙo ne, kuma ya riga kwalta da mota zuwa garin.

A watan Janairu na 1851 Bajamushe Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya sauka Tasawa. Ya taso daga Turabulus a 1850 tare da James Richardson da Adolf Overweg, ya ziyarci Agadas, sa'an nan ya gangaro kudu cikin ayarin gishiri na Abzinawa. A Damargu abokan tafiyar suka rabu. Richardson ya nufi Damagaram, ajali ya riske shi bayan wata biyu kan hanyar Borno. Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa da Katsina, ya shiga Kano a farkon Fabrairu. Littafin tafiyarsa ya fito juzu'i biyar, da Jamusanci da Ingilishi, tsakanin 1857 da 1858. Shafukan Tasawa kaɗan ne a cikin wannan tsauni na takarda, kuma manazarta sun fi karkata ga Kano da Kukawa da Tumbutu. Ko tsakuren da Suzanne Bernus ta fitar da Faransanci a 1972, cikin jerin Études nigériennes, ya tsaya ne kan zamansa a Abzin daga Yuli zuwa Disamba na 1850, wato ya ƙare ana saura wata guda a iso Tasawa.

Abu na farko da ya kamata a yaba wa waɗannan shafuka shi ne kunnen marubucin. Barth ya koyi Hausa tun yana hanyar Sahara, daga bakin fatake da barori, saboda haka da ya iso ƙasar hatsi sai ya shigo ta da ji kafin gani. A wani ƙauye kusa da Tasawa mata sun zo zangon ayari da talla, shi kuwa ya rubuta kiran tallar kamar yadda ya faɗo masa a kunne: nono, mai, daddawa, kuka. Bai musanya su da sunayen abincin Turai ba; ya bar su da Hausarsu, ya bi su da bayani. Daga ciki akwai sunan da ya fi burge shi, wato yaro da dariya, wanda ya ce laƙabin gyaɗa ne. Wanda ya san talla ya san abin da ke nan: ƴar talla ba ta faɗar sunan kaya kawai, kirari take yi masa don ya shiga zuciyar mai saye. Baƙo ne ya tsinci wannan kirari ya adana, kuma da bai yi ba da ƙila ya bi iska tare da muryar da ta rera shi.

A kasuwar garin kanta ya lura cewa kayan masarufi da dafaffen abinci sun rinjayi kayan alatu. Ɗan ƙasar da ya saba da abin zai wuce bai ga komai ba, amma wannan lura tana da nauyi. Garin da ake sayar da dafaffen abinci da yawa gari ne mai baƙi, mai kuɗi a hannun talaka, mai mata masu sana'a. Barth ya nuna kuɗin ma: ya ba da labarin yadda ya iske wani falke yana fama da ƙidayar wuri 500,000, ɗaya bayan ɗaya, da taimakon mutum biyar ko shida. Shekara 126 bayan haka, a 1977, Claude Raynaut ya wallafa nazari kan dafa abinci da zagayawarsa a wani ƙauyen Hausawa na yankin Maraɗi, inda ya nuna cewa saye da sayar da dafaffen abinci ginshiƙi ne na cimar gida da na dukiyar mata. Abin da masanin ya tabbatar da zama da lissafi, matafiyin ya hango shi a yawon yamma guda.

Sai dai a daidai nan ne shafukan suka gaza. Akwai tuwo, babu mai tuƙi. Barth yakan kawo sunan sarki da na madugu da na attajiri Balarabe, har da asalinsu, amma matan da suka ciyar da shi taro ne marar fuska. Ba a ga turmi ba, ba a ga murhu ba. Daddawa ta zo a curinta kamar daga sama ta faɗo, alhali kwanaki ake yi ana dafa kalwa, a surfe, a wanke, a rufe ta ta ruɓa, kafin a kirɓa a shanya. Kuma mai karatu na arewacin Mayahi zai so a gaya masa cewa daddawa ba ɗaya ba ce: inda ɗorawa ta yi ƙaranci, da ƴaƴan yakuwa ake yin ta batso, wadda warinta ke korar baƙo, daɗinta kuma ya dawo da shi. Wani aibin kuma shi ne saurin yanke hukunci. Kwana kaɗan ya yi a garin, amma ya zayyana halin mutanensa gaba ɗaya, masu fara'a, masu son rawa da waƙa da shaƙatawa. Yabo ne, amma yabon da aka yi wa gari sukutum ɗan'uwan zagi ne, domin duka biyun ba su tsaya sun dubi mutum ɗaya ba.

Domin a ga girman wannan giɓi, yana da kyau a ajiye shafukan Barth kusa da wani aiki na zamani daga wata nahiya. A 2020 kamfanin Netflix ya fitar da jerin fina-finai shida kan abincin titi a biranen Latin Amurka, ɗaya daga ciki a birnin Wahaka na kudancin Meziko. Kwatancin bai yi nisa ba kamar yadda taswira ke nunawa. Daga can masara da barkono da tumatir suka fito kafin su zama ƴan gida a tukwanen Hausa. Can ma ana jiƙa furen yakuwa a sha da sanyi, suna ce masa hamaika, kuma Meziko na cikin manyan masu sayen zoɓon da ake nomawa a arewacin Nijeriya. A kasuwannin Wahaka ana tula soyayyar fara a kwanduna, da gishiri da barkono da lemun tsami, suna kiranta capulines. Mutumin Tasawa da aka ajiye a can ba zai kwana da yunwa ba.

Fim ɗin ya yi abin da Barth bai yi ba. Ya ɗauki mace guda, Doña Vale, mai sayar da wata irin wainar masara da ake kira memela a babbar kasuwar birnin, ya ba ta suna da fuska da tarihi, ya bar ta ta yi magana da bakinta. An ga hannu a cikin ƙullu, an ga wuta, an ga asubancin. Wannan ci gaba ne, kuma ba a raina shi. Amma shi ma yana da nasa makanta. An zuba rayuwar matar a cikin wani ma'auni da aka riga aka ƙera: wahala, haƙuri, nasara, da kiɗa mai sosa rai a ƙarƙashi. Hoto yakan yi jinkiri a kan tururi da miya har abinci ya koma kayan kallo. Ɗan dakon da ke karin kumallo a wurin kullum don nan ne aljihunsa ya kai, shi ya zama bango. Barth ya ga kasuwa ya rasa mace; masu fim sun ga mace sun kusa rasa kasuwa. In tilas ne a zaɓa, na Bajamushen ya fi amfani ga mai neman sanin yadda gari ke ci, domin shi ba ya da abin da yake tallatawa.

Maganar fara ce ta fi kowace nuna abin da ke cikin hatsari. Barth ya ga gasasshiyar fara a Tasawa, ya ce tana da babban matsayi a cimar mutane, har ya yi raha cewa cin ta ramuwa ce a kan mai cinye gona. Bai toshe hanci ba, bai kuma zubar da hawaye ba. A Meziko, wadda hukumar UNESCO ta sanya girkinta na gargajiya cikin gadon ɗan Adam a 2010, baƙi na biyan kuɗin jirgi su je su ɗanɗani fara su ɗauki hoto. A jihar Maraɗi kuwa, farar da ta shiga jaridun duniya ita ce ta 2004, mai cin amfanin gona, sai kuma yunwar 2005 da ta biyo bayanta, lokacin da na'urorin ɗaukar hoto suka cika cibiyoyin kula da yara masu tamowa. Wahalar gaskiya ce, yara sun mutu, kuma wanda ya ci anza a waccan shekara bai ci don marmari ba. Amma tun daga nan kusan duk abin da aka rubuta kan cimar wannan yanki da harshen rahoto aka rubuta shi: ƙaranci, gibi, agaji, kashi kaza cikin ɗari. Idon da bai iya rarrabe anza da zogale ba, in ya ga mace da kwanon ganye sai ya rubuta yunwa, ko da kwaɗon tafasa ne da ƙuli-ƙuli wanda ake ci da murna a shekarar ƙoshi. Farar da yara ke kamawa da sanyin asuba bayan girbi, a tafasa, a shanya, a cika buhuna har a kai Nijeriya, sana'a ce mai riba, ba alamar fatara ba.

Gidan Amumune, a arewacin Mayahi, tana cikin garuruwan da wannan rashi ya fi shafa. Barth bai bi ta nan ba. Overweg, wanda ya yi yamma zuwa Gobir da Maraɗi, ya rasu a bakin tabkin Cadi a 1852 bai kai ga rubuta littafi ba. Don haka ƙasar Gulbin Kaba ba ta samu ko ɗan rabon da Tasawa ta samu ba, sunanta ya fi fitowa a jadawalin ma'aikatan agaji da na ƙidaya. Alhali ranar kasuwa a can ma ana kafa tukubar tsire, ana dama fura da nonon Fulani, ana soya ƙosai tun hantsi, kuma kowace mai tuya tana da masu sayenta da ba su zuwa wurin wata.

Ba za a ɗora wa baƙi laifin duka ba. Adabin tafiya na Hausa tsoho ne, amma fuskarsa waje take kallo. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Barth har Landan a 1855, ya ba da labarinsa da Hausa, J. F. Schön ya buga shi cikin Magana Hausa a 1885. A ciki ya siffanta yadda Turawan Ingila ke zaman cin abinci, da irin idon mamaki da Barth ya kalli kasuwar Tasawa. Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi bayan ziyarar Ingila ta 1943, Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Biyun ƙarshe sun ɗauka cewa tafiyar da ta cancanci tawada ita ce ta ƙetare teku. Daga Mayahi zuwa Tasawa ba tafiya ba ce a wannan ma'auni, zuwa kasuwa ne kawai.

Makaranta ta ƙara ɗaure wannan ƙulli. In aka ba ƴan kwaleji insha'i da Faransanci kan ranar kasuwa, kalma guda ce ke fitowa a kusan kowace takarda: beignets. Ƙosai na wake ne da aka surfe aka markaɗa, fanke na alkama ne, waina ta hatsi ce ko shinkafa da ta kwana ta yi tsami, ana toya ta a tanda. Uwar yaron tana iya ba da darasin awa guda kan bambancinsu, amma a takardar ɗanta duk sun narke sun zama abu ɗaya. Yaron bai yi kuskure ba, abin da ƙamus ya ba shi ke nan, kuma malami zai sa masa maki. A nan ne shafukan Barth ke da aikin yi a aji, duk da giɓinsu. Ba su fi a karanta su a zama guda ba. In aka juya su zuwa Hausa aka ajiye gefe da gefe da Faransancinsu, ɗalibi zai ga wani masani daga Hamburg wanda ya san Girkanci da Latin da Larabci, ya iso gaban daddawa, ya rasa kalmar da ta fi ta, ya rubuta daddawa. Sauran aikin kuwa, wanda shi bai yi ba, yana nan a bakin kasuwa: sunan mai tuyar, wurin wa ta koya, nawa take sayen tiyar wake da kaka, nawa da bazara, da irin kirarin da ƴarta ke yi wa farantin in ta fita talla. Ƙungiyar al'adu da ke da littafin rubutu da tsofaffi biyu ko uku na iya fara tambaya daga yaro da dariya, a ji ko akwai wadda ta taɓa jin kakarta na kiran gyaɗa da wannan suna.