Kiɗan Naushad Bayan Gyara: Abin da Kaset Ya Ɓoye wa Kunnen Bahaushe

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa tsakanin 1960 da 1990 ya san waƙoƙin sinimar Indiya, ko da bai taɓa jin sunan masu tsara kiɗansu ba. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne Naushad Ali, wanda aka haifa a Lakno cikin 1919, ya rasu a Mumbai cikin 2006. Shi ya tsara kiɗan Baiju Bawra (1952), da Mother India (1957), da Mughal-e-Azam (1960). Nufin wannan takarda shi ne a duba abin da gyaran tsofaffin faya-fayansa ya fito da shi fili, sa'an nan a auna ko kowane irin gyara ne ya cancanci yabo.

Ya kamata a fara da hanyar da kiɗan ya biyo ya iso nan, domin ita ce ta yanke abin da aka ji da abin da ba a ji ba. An buɗe gidan sinima na Rex a Kano cikin 1937, na Palace kuwa cikin 1951, kuma Kwarori masu gidajen sinima su ne suka riƙa shigo da finafinan Indiya. Amma ƙananan garuruwa irin su Garu, a ƙasar Illela, arewacin Sakkwato, daf da iyakar Ƙonni, ba ta wannan ƙofa kiɗan ya shige su ba. Ya zo musu ne ta akwatin rediyo, sa'an nan ta kaset, daga baya kuma ta kaset ɗin bidiyo. Kaset ɗin da ya iso kasuwar kan iyaka kuwa galibi an ɗauko shi ne daga wani, shi ma wancan daga wani, ba mai iya cewa karo nawa aka juya shi. Brian Larkin ya yi bayanin wannan lalacewar sauti da hoto cikin littafinsa Signal and Noise na 2008.

Masu ilmin sauti sun san cewa lalacewar nan tana da tsari. Duk sa'ad da aka juya kaset, siririn sauti na sama shi ne ke fara dushewa, wani huci ya maye gurbinsa. Ƙaramar lasifikar rediyo kuma ba ta iya fitar da kakkauran sauti na ƙasa. Abin da ke tsira shi ne na tsakiya, watau inda muryar ɗan Adam ta ke. Dalilin ke nan da ya sa wayar tarho ta dā, wadda ba ta ɗaukar abin da ya fita daga tsakanin hazi 300 zuwa 3,400, ta ke isar da magana sarai, amma ta kashe kiɗa. Sabo da haka muryar Lata Mangeshkar da ta Mohammed Rafi sun iso Garu lafiya lau, amma ƙararrawar ƙafar mai rawa, da amon sitar, da manyan goge masu kakkaurar murya, duk sun zube a hanya. Akwai wata hasara tun daga tushe: gefe guda na faifan garmaho ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai, don haka a kan taƙaita waƙa, kiɗan da ke rakiyar wasa tsakanin waƙa da waƙa kuwa ba a sa shi a faifai.

Abin lura shi ne hasarar nan ta dace da ɗabi'ar kunnen Bahaushe, shi ya sa ba wanda ya yi kukanta. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya su ke bambanta ma'ana, har kalangu ya kan yi magana ta bin wannan hanya. A kiɗan fada kuma waƙa ce gaba, kotso da taushi suna bayanta. Bahaushe ya kama karin muryar Indiyawa, wanda shi ne dai ya iso gare shi, ya zuba masa kalmominsa. Haka Abdu Yaron Goge ya yi da gogensa, haka masu bandiri na Kano suka yi cikin begen Annabi, haka kuma finafinan Hausa suka yi bayan 1990, inda fiyano guda ta tsaya a madadin makaɗa masu yawa, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna cikin rubuce-rubucensa. An gāji rabin aikin Naushad da takwarorinsa, an zaci shi ke nan.

Ɗaya rabin shi ne ya bayyana da aka tace tsofaffin faya-fayan da na'urorin zamani. Mai saurare zai tarar Naushad maginin kiɗa ne, mai sanin inda za a tara makaɗa da inda za a janye su. Misali uku daga Mughal-e-Azam sun isa. Na farko, gasar ƙawwali tsakanin Anarkali da Bahar, wadda Lata Mangeshkar da Shamshad Begum suka rera: kowace tana da nata 'yan amshi, tafi kuma yana riƙe da ma'aunin kiɗan. A tsohon kaset ƙungiyoyin biyu kan cakuɗe su zama hayaniya guda, amma a tataccen faifai ana jin su suna mayar wa juna martani, tsarin da duk wanda ya san jagora da 'yan amshi a waƙar Hausa zai gane nan take. Na biyu, rawar ɗakin madubai, inda tabla da ƙararrawar ƙafa ke buɗe fage tun kafin murya ta shigo, sa'an nan taron goge ya riƙa amsa wa mawaƙiya tsakanin baiti da baiti. Na uku, daren da Yarima Salim ke shafar fuskar Anarkali da gashin tsuntsu, ba mai magana, sai muryar Bade Ghulam Ali Khan daga nesa, cikin karin da Indiyawa ke kira Sohni. Nan Naushad ya sallami taron makaɗansa, ya bar murya da 'yar rakiya kaɗan. Ƙarfin wurin yana cikin shirun da ke kewaye da muryar, shirun nan kuwa shi ne hucin kaset ya fara cinyewa.

To, amma gyara iri biyu ne, kuma wajibi ne mai nazari ya rarrabe su. Akwai tacewa, watau a cire huci da ƙaiƙayin faifai, a bar abin da makaɗan asali suka kaɗa. Akwai kuma sāke kaɗawa. Cikin watan Nuwamba na 2004 aka fito da Mughal-e-Azam mai launi. An ware muryoyin mawaƙan asali an ajiye, an tara sababbin makaɗa sun sāke kaɗa kiɗan, Naushad da kansa yana duba aikin tare da Uttam Singh. An kuma rarraba sautin ga lasifikoki da yawa, alhali na 1960 ta kafa guda ya ke fita.

Ba za a hana aikin nan yabonsa ba. Ya mayar da fim ɗin gidajen sinima bayan shekara 44, ya kuma sa an ji kowane kayan kiɗa daban. Duk da haka yana da aibu biyu. Na farko, murya da kiɗa ba su zauna ɗaki ɗaya ba: muryar tana ɗauke da amon zamaninta, kiɗan yana ƙyalli irin na sabon zamani, kunne mai lura kuwa yana jin ɗinkin. Na biyu ya fi nauyi. A zamanin Naushad mawaƙi da makaɗa tare su ke ɗaukar waƙa, kowa na sauraren numfashin ɗan'uwansa. Makaɗin 2004 yana bin muryar da ba za ta iya juyowa ta bi shi ba. Hannuwan da suka kaɗa na farko an share su, ba a tambaye su ba. Garin neman gira an taɓa ido.

Malaman da suka saba da littattafan Sakkwato na rubutun hannu ba za su sha wuyar gane batun ba. Mai share ƙura daga takarda daban, mai juyar littafi da sabuwar tawada daban, ko da mawallafin ne da kansa ya zauna ya duba juyin yana da shekara tamanin da huɗu. Juyin 2004 bugu na biyu ne, yana da darajarsa a matsayin ra'ayin Naushad na ƙarshe. Amma wanda ke son sanin abin da aka kaɗa cikin 1960, sai ya nemi tataccen asali. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Hukuncin nan ya shafi kayan gida. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu (1976) an gyara shi tare da taimakon cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin cikin 2018. Waƙoƙin Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi kuwa yawancin masu saurare a juyin juyi suka san su, daga kaset zuwa wayar hannu, amon kotso da taushi ya dushe kamar yadda gogen Naushad ya dushe. Ranar da aka zo gyara su, za a sami mai cewa a ɗora sabon kiɗa bisa muryar domin ta yi daɗin ji. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i da malaman kwalejojin horon malamai su riga shi magana: a tace, a adana asali yadda ya ke, duk abin da aka ƙara kuma a rubuta a jikinsa cewa ƙari ne, da sunan wanda ya ƙara da shekarar da ya yi.