Jinjina ga masu tono ajamin Sifaniyanci

Masu nazarin rubuce-rubucen ajami a Arewa House, nan Kaduna, suna da abokan sana'a a ƙetare da suka cancanci yabo. Su ne malaman adabin Sifaniyanci da suka duƙufa kan aljamiado, wato Sifaniyancin da Musulmin Andalus suka rubuta da haruffan Larabci.

Bayan faɗuwar Garnada a 1492 aka tilasta wa Musulmi barin addininsu, aka haramta musu Larabci, daga bisani aka kore su daga ƙasar tsakanin 1609 da 1614. Littattafansu na fiƙihu da addu'o'i da ƙissoshin annabawa sai suka ɓoye su cikin bango da ƙarƙashin daɓe. A 1884 masu gyaran wani tsohon gida a Almonacid de la Sierra suka ci karo da tulinsu. Julián Ribera da Miguel Asín Palacios suka jagoranci tantance su, kundin bayaninsu ya fito a 1912.

Aikin sai mai haƙuri. Malami zai tasa takardar da asu ya ci a gaba, yana bin ta baƙi-baƙi, yana tuna cewa harafin ba mai shadda a nan sautin "p" yake bayarwa. Dole ya iya Larabci, ya ƙware a tsohon Sifaniyanci. Luce López-Baralt ta Jami'ar Puerto Rico ta shafe shekaru tana wannan hidima.

Ɗalibanmu da suka tashi da allo da tawada sun riga sun mallaki rabin kayan aikin. Saura jami'o'inmu su faɗaɗa koyar da Sifaniyanci, mu ma mu sa hannu.