Danne Damuwa a Cikin Jiki Magayi

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna ɗaukar ramuwar gayya a matsayin jigon Jiki Magayi, littafin da John Tafida da Rupert East suka rubuta a shekarun 1930. Wannan maƙala za ta dubi littafin ne ta fuskar ra'in Sigmund Freud na danne damuwa, wanda ya yi wa maƙala ta musamman a 1915, 'yarsa Anna Freud kuma ta sanya shi cikin dabarun kare kai a littafinta na 1936.

Abin da ake nufi shi ne zuciya ta tura abin da ba za ta iya ɗauka ba, kamar laifi ko mugun buri, zuwa inda mai ita ba ya sane da shi. Ya kamata a bambanta wannan da kunya ko kara. Uwar da ba ta faɗar sunan ɗan fari tana sane da sonsa sarai, al'ada ce ta ɗaure mata baki. Mai danniya kuwa ko shi kansa bai san abin da ya binne ba, sai dai abin ya ɓullo ta mafarki ko ciwon jiki ko suɓutar baki.

Idan aka auna taurarin littafin da wannan ma'auni, Abubakar ya fita. Ya san an ƙwace masa Zainab, ya san wanda ya ƙwace ta, ya kuma tafi neman asiri ido biyu. Gidan Malam Shehu ne wurin dubawa. An gina auren bisa zaluntar wani, amma ba a ga mijin ko matar sun zauna da wannan laifi sun auna shi ba. Ɗan da aka daɗe ana nema, Kyauta, shi ya zama jikin da ya gaya musu: ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidan, daga ƙarshe ya kashe mahaifinsa bai san shi ne ba. Aikin da Freud ya ba ɓoyayyen sashen zuciya, marubutan sammu suka ɗora wa, domin shi ne abin da mai karatu na wancan zamani zai yarda da shi ba gardama. Raunin littafin ma a nan yake, don sammun ya ɗauke wa Zainab nauyi, aka bar mai karatu bai leƙa zuciyarta ba.

Sai dai a yi hattara. Masana halayyar ɗan Adam da dama, irin su Elizabeth Loftus a littafin da ta fitar da Katherine Ketcham a 1994, sun yi jayayya da cewa mutum kan binne tunani gaba ɗaya ya tono shi daga baya yadda yake. Ra'in ya fi ƙarfi a hannun mai nazarin ƙagaggen labari, inda marubuci ne ya zaɓi abin da tauraro zai yi shiru a kai, fiye da a hannun likita.