Cyrulnik a Bakin Komadugu

Tun daga harin da Boko Haram ta kai Boso da Difa ranar 6 ga Fabrairu 2015, wata kalmar Faransanci ta sauka jihar Difa tare da motocin ƙungiyoyin agaji: résilience. Wanda ya yaɗa ta a Faransa shi ne Boris Cyrulnik, likitan ƙwaƙwalwa, musamman ta littafinsa na 1999, Un merveilleux malheur. Ya dace malamai su koma ga littafin kansa, domin ya fi abin da ake rubutawa a allunan ayyuka nauyi.

Cyrulnik bai yi magana da ka ba. An haife shi a Bordeaux a 1937, iyayensa Yahudawa suka halaka a hannun ƴan Nazi, shi kuwa ya sulale wa masu kame a 1944 yana ɗan shekara shida. Ya daɗe bai ba da labarin ba, don in ya fara, manya ba su gaskata shi. Daga nan tunaninsa ya samo tushe: yaron da masifa ta taɓa ba ya miƙewa shi kaɗai. Yana bukatar babban da zai jingina da shi, kamar sandar da mai lambu ke kafa wa shuka, yana kuma bukatar mai saurare wanda a gabansa zai mayar da abin da ya same shi labari.

A nan fassara ke tuntuɓe, domin abin da ke fara zuwa bakin tafinta shi ne "haƙuri". Haƙuri babbar ɗabi'a ce. Kirk-Greene ya lissafa shi cikin siffofin mutumin kirki a nazarinsa na 1974. Amma "yi haƙuri" a bakin mai jaje rufe zance yake yi: an faɗa, an amsa, an tashi. Matar da barci ya ƙaurace wa, mai cewa tunani ya yi mata yawa ko gabanta na faɗuwa, in an ce ta yi haƙuri, an ce ta haɗiye ke nan. Littafin kuwa so yake a zauna a bar ta ta amayar, da Barbarci in shi ne harshen kukanta. "Farfaɗowa" ta fi kusa da nufinsa.

Sai dai Barwa ta tona iyakar littafin. Yawancin waɗanda Cyrulnik ya kawo labarinsu waiwaye suke yi, wutar ta riga ta mutu. A watan Yuni 2021 gwamnati ta mayar da kusan mutum 6,000 Barwa bayan shekara shida suna gudun hijira. Wata biyu kacal, a Agusta, aka auka wa sojojin da ke tsaron garin, 16 suka rasu. Ta yaya za a ƙulla labarin abin da bai ƙare ba? Ga kuma dokar ta-ɓaci ta 2015 da ta hana hawan babur, ta tsayar da kamun kifi da cinikin tattasai na wani lokaci. Magidancin da aka raba da sana'arsa, baƙin cikinsa yana da sanadi a fili, kuma yaba masa juriya hanya ce mai arha ta barinsa da kayansa. Shi kansa sunan littafin, masifa mai ban sha'awa, marubucin ya yi shi ne da gangan don haɗa kishiyoyi biyu, amma da wuya a furta shi gaban mai takaba.

Ga irin wannan hali, ɗan kundin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, PM+, ya fi dacewa, ko da yake ba shi da armashin adabi. Zama biyar ne tare da wanda aka horar, ba lalle likita ba: numfashi a hankali in zuciya ta ɗaga, ware matsalar da ke warwaruwa daga wadda ta fi ƙarfin mutum, komawa ƙananan ayyukan yau da kullum, sake neman dangi da maƙwabta. Bai tilasta wa kowa tono abin da ya gani ba.

Abin da ya rage wa Cyrulnik a bakin Komadugu shi ne zancen sandar nan. A yawancin ƙauyukan kwarin, babban da yaro ke gani kullum in an cire na gida shi ne malamin lakkol ko na allo, kuma shi ke fara lura da ɗalibin da ke zabura in ƙofa ta bugu.